Kujerar Garkuwa

Birnin Ƙonni, 5 ga Oktoba, 2008

Zuwa ga bawana Rabo, sarkin noman Tajaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar ni. An yi Sallah lafiya? Yaya ƙafar Inna Barira, ta sassauta? Hajiya tana gaishe ta, ta ce man zafi ne a cikin ledar nan, a shafa safe da yamma. Barmo direbanmu zai miƙa maka in ya ɗauko siminti daga Malbaza zai wuce Tawa. Wayarka ta mutu, kuma ko tana da rai rezo ba ya shiga garinku sai an hau tudu, to ga shi ka mai da ni rubutu kamar muna 'yan makaranta a lakwal.

Tun da ka tafi noma siber ɗin Bilal ya canza. Ya ƙaro kwamfuta biyu, ya sa fanka, intanet ɗin ma ya rage rarrafe. Wasanmu na Ganuwa kuwa an yi masa ƙari. Ka san wanda muka saba, huɗu da huɗu, kowane ɓangare yana neman rusa ganuwar ɗaya. Yanzu an kawo wasan ɗauke tuta, inda za ka sato tutar abokan gaba ka gudo da ita gida, sai kuma wani wai shi kowa da kansa, mutum takwas a fili ɗaya, ba abokin kowa, wanda ya rage da rai shi ya ci. Na gwada shi sau ɗaya aka kashe ni kafin in gyara zama. Mai magani irina ba shi da amfani inda babu wanda zai warkar.

Babban labarin shi ne gasa. Masu siber na Yamai da Maraɗi da Damagaram da mu nan sun shirya, kowa na zaune a garinsu, a haɗu ta intanet. Namu wasan ranar Lahadi ne, 23 ga Nuwamba, bayan azahar, kuma da 'yan Maraɗin nan aka sake haɗa mu.

Amma kai bawana, kada ka wahalar da jakinka. Mun sallame ka! Mun sami wani Maman, ma'aikacin siminti ne a Malbaza, duk Lahadi yana zuwa a kan babur. Ɗan sara yake ɗauka, mai wuƙa biyun nan da ke ɓullowa ta baya, kuma yatsunsa kamar na mai kalangu. Abdulwahab, da yake shi ne shugaba, ya ce zamanin garkuwa ya wuce. Shi yana harbi, Bilal yana bokancinsa, Maman yana sara, ni ina magani, an cika huɗu. Wa zai so garkuwar da ke faɗuwa tun ba a fara faɗa ba, kamar yadda ka yi mana a gaban 'yan Maraɗi kafin damina? Zauna ka kori tsuntsu daga gero, shi ne aikin da ya dace da kai.

Kada ka ce za ka yi fushi. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, saboda haka har gobe ni ne ubangidanka, abin da na ga dama shi zan faɗa maka. Ka gaida Inna da ƙanwarka Hanifa.

Ubangidanka,
Sadisu

*

Tajaye, 19 ga Oktoba, 2008

Zuwa ga ubangidan da ba ya iya ciyar da ko kaza,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, man ma ya iso. Inna ta ce a gode wa Hajiya, yanzu tana takawa har bakin rijiya. Mu duka lafiya lau. Geron bana alhamdulillahi, wake ne tsutsa ta taɓa kaɗan. Muna cikin ɗaurin damma, hannuna duk ya yi kanta, shi ya sa rubutun ya karkace.

Na karanta wa Hanifa wurin da ka ce kun sallame ni, muka yi dariya har Inna ta leƙo. Kai Sadisu, ba za ka girma ba. Bara ka rubuto mini cewa an ɗaura maka aure da ɗiyar kwamandan jandarma, na yi ta shelar ƙarya a gari kwana uku. Bana kuma wai Maman mai yatsun kalangu. In akwai shi, ka ce ya zo ya taya ni ɗaukar damma mu ga ƙarfin yatsun.

Bari in tuna maka abin da ka manta, tunda birni ya cinye maka kai. Maharbi fatarsa takarda ce, bugu biyu ya faɗi. Boka sai ya tsaya wuri ɗaya kafin ya haɗa wutarsa. Kai kuwa mai magani ko sanda ba ka da ita. Wa ke shiga gaba ya sha dukan da aka nufo ku da shi? Garkuwa ba ya kashe kowa, sunansa ba ya fitowa a saman allo in an gama, amma in ya tsaya a ƙofa ku ukun kuna numfashi. Aikina in tsaya, aikinka ka tsaya a bayana kana mai da mini jini. Shekara biyu muna haka, ko waiwaye ba na yi, na san kana nan.

Maganar ranar 'yan Maraɗi kuwa, nan ka taɓa ni, ko da wasa ka faɗa. Duk daminar nan ina huɗa ina tunaninta. Har yau ban gane yadda jinina ya ƙare da sauri haka ba. Wataƙila na shige gaba da yawa. Na ɗauki laifin, kuma ina so in wanke shi. Kada ka yi dariya, na zana madannan kwamfuta a bayan kwali da gawayi, in na dawo gona bayan la'asar sai in zauna ƙarƙashin itacen bedi ina motsa yatsu don kada su manta. Hanifa ta ce na haukace.

Ga abin da na yanke. Samarin garinmu za su tashi cin rani Abijan ranar Asabar, 8 ga Nuwamba. Illa ɗan kawuna ya samo mini wuri a rumfar albasa inda yake aiki, ya ce mai rumfar ba ya jira, wanda ya iso tare da su shi ne nasa. Na gaya masa su tafi, ni sai bayan gasa. Ya yi faɗa, Inna ma ba ta ji daɗi ba, amma na ce mutum uku suna jirana a Ƙonni, ba zan bar su a fili ba. Abijan ba ta gudu, in ba albasa akwai wani abin.

Ka ce wa Bilal ya goge mini kujerata, ta jikin bango mai karyayyen hannu. Kuma Ashura na tafe, ka fara neman hular sharata, haƙƙin bawa a kan ubangidansa, tun yanzu, ban son irin ta bara mai kama da murfin kwano.

Bawan da ya fi ƙarfin ubangidansa,
Rabo

*

Birnin Ƙonni, 12 ga Nuwamba, 2008

Rabo,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da Hanifa. Mu nan lafiya.

Wannan karon ba wasa nake yi ba, ka karanta da kyau. Maman mutum ne na gaske, kuma an ba shi wurinka tun watan Agusta. Abdulwahab ya riga ya aika sunayenmu huɗu ga masu gasa, naka ba ya ciki. Ni aka ɗora wa in gaya maka, na rasa ta inda zan fara, sai na sa shi cikin wasa ina zaton za ka gane.

Kada ka zo ranar 23. In su Illa ba su yi nisa ba, ka bi su. Za mu yi magana in Allah ya haɗa mu. Barmo zai tashi gobe, na ce ya ba ka hannu da hannu.

Sadisu

*

Tajaye, 25 ga Nuwamba, 2008

Zuwa ga Malam Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Alhaji da Hajiya da duk mutanen gida. Na iso gida lafiya shekaranjiya. Ban shiga na gaida Hajiya ba, ka ba ta haƙuri, ka ce mota ce ta matsa.

Takardarka ta biyu na same ta a hannun Inna da na dawo. Barmo ya ce daga Malbaza aka juya shi Agadas da kayan, ya wuce garinmu cikin dare bai tsaya ba, motar kuma ta lalace masa a hanya, sai da zai komo ya biyo. Ya kawo ta ranar Lahadi da hantsi, lokacin ina cikin motar Ƙonni. Ban ga laifinsa ba. Na duba kwanan watan da ka sa a sama, 12 ne. Su Illa sun tashi ranar 8, kuma na gaya maka ranar tun cikin Oktoba.

Kana wurin, amma ina so ka ji yadda abin ya kasance ta wajena, don kanka a sunkuye yake. Na shigo da jakata da ƙullin wake da Inna ta ba Hajiya. Na tarar da ku huɗu a jere, wani baƙo a kujerata. Bilal ya ɗago ya ce, "Rabo! Mi ya kawo ka?" Na yi dariya. Wallahi har a lokacin na ɗauka shiri ne kuka yi mini, na ce a raina lallai Sadisu ya ƙware, har da ɗauko ɗan haya. Na dafa kafaɗar mutumin na ce, "Tashi malam, an gode, ka ɗumama min kujera."

Ya cire abin kunnensa ya dube ni, ya dubi Abdulwahab, ya ce, "Wane ne wanga?"

Ba wanda ya yi dariya. Wurin cike yake da 'yan kallo, har a bakin ƙofa. Abdulwahab ya ce, "Sadisu bai hwaɗa maka ba? Ai tun da daɗewa munka ce ya rubuta maka." Na juya wajenka ina jiran ka fashe da dariyar nan taka. Kana ta gyara wayar linzamin kwamfutarka, wadda ba abin da ya same ta. A nan na gane.

Ban tsaya kallon wasan ba. Waken na bar shi wurin mai shayin bakin tasha, ya ce ya san gidanku.

Ban ce dole sai da ni ba. Ƙungiya ta masu ita ce, in sun ga garkuwa ba ya da amfani, sun fi ni sani. Da ka rubuto mini layi biyu tun Agusta, da na ji zafi kwana biyu na bi su Illa. Abin da ya tsaya mini shi ne hanyar da ka bi. Tun muna yara kake zagina ina zaginka, ba wanda ya taɓa riƙe wani, don mun san ba a ƙulla gaskiya mai ciwo a cikin wasan taubasai. Kai ka san ba yadda za a yi in karanta takardar nan in yarda. Yanzu kuma na koma ina tuno duk abin da ka taɓa ce mini cikin dariya, ina tambayar kaina wanne ne wasa wanne ne ba wasa ba. Wannan ya fi kujerar yi mini ciwo.

Bayan Layya zan tashi ni kaɗai. Wurin albasa an ba wani. Inna ba ta san abin da ya faru ba, na ce mata an ɗage gasar, kada ka faɗa wa Hajiya abin da zai dawo kunnenta.

Na gode,
Rabo Salifu

*

Birnin Ƙonni, 14 ga Disamba, 2008

Rabo ɗan'uwana,

Salamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Barmo ya ce ka tashi kwana biyu bayan Layya, shi ya sa na ba wani mai motar albasa wannan takarda ya kai rumfar su Illa. Ina roƙon Allah ta same ka lafiya. Na je Tajaye jiya na gaida Inna, ƙafar da sauƙi. Hanifa ta gaishe ni a tsaye ta shige ɗaki. Na ga kwalinka a jingine jikin bedi, gawayin bai goge ba, na kasa kallonsa sau biyu.

Ka kira ni Malam Sadisu. Na karanta wurin nan ya fi sau goma. Da ka cika takardar da zagi da ya fi mini sauƙi.

An cinye mu. Ko minti ashirin ba mu kai ba. Maman ya iya wasa, ba zan yi masa ƙarya ba, ya kashe mutum biyar shi kaɗai. Amma ɗan sara ba ya tsayawa, yana can bayan abokan gaba yana farauta, su kuwa suka taho ƙofa su uku. Abdulwahab ya faɗi, Bilal ya faɗi bai gama haɗa wutarsa ba, ni ina ta zagaye da magani a hannu ban san bayan wa zan tsaya ba. Muna kallo suka rusa ganuwar. Da aka tashi Bilal ya ce, "Da Rabo na nan da ba su shigo ta ƙohwa ba."

Yanzu ga abin da ya kamata in faɗa tun kafin damina. Ka ce ba ka gane yadda jininka ya ƙare ba ranar 'yan Maraɗi ta farko. Ba ka shige gaba da yawa ba, daidai ka tsaya. Ni ne na bar bayanka. Na hango maharbinsu saura kaɗan ya mutu, yana gudu ta gefen kogi. Shekara biyu ina warkar da mutane, sunana bai taɓa hawa saman allo ba, sai zuciyata ta ce bi shi, sau ɗaya dai. Na bi shi, ban ma same shi ba. Kafin in dawo sun taru a kanka. Kowa idonsa na kan nasa allon, abin da suka gani kawai shi ne garkuwa ya faɗi. Abdulwahab ya buga tebur ya kira sunanka, ka ce a yi haƙuri, ni kuma na yi shiru. Da wannan faɗuwar aka kafa hujjar cire ka, ina zaune.

Maganar takarda ma ba ta Barmo ba ce. Taka ta iso mini ranar 21 ga Oktoba. Na ga ba ka gane ba, na ga ranar tafiyar su Illa da idona. Sau uku motarmu ta bi ta garinku kafin ranar, kowane karo sai in ce gobe. Ko babur na hau, da kafin la'asar ina Tajaye. Tsoro nake ji, don na san in na zauna gabanka sai ka tambaye ni dalili, dalilin kuma ni ne.

Na faɗa wa Abdulwahab da Bilal duka, a gaban Maman. Abdulwahab bai yi mini magana ba kwana huɗu. Sun ce kujerarka tana nan duk ranar da ka dawo. Na san wannan ba zai mai da maka rumfar albasa ba.

Ban san me kake yi a can ba, ko ina kake kwana, kuma ni na jawo. Ka yafe mini. In ka yafe, kada ka rubuto mini da ladabi. Ka kira ni ubangidan banza, ka zagi hancina, ka ce mai maganin da ya gudu ya bar majinyaci. Na sayi hular sharar, baƙa mai zare ruwan zuma, na sa a cikin akwatina. Ka faɗi wanda zan ba ya kawo maka.

Naka,
Sadisu

*

Abijan, 8 ga Fabrairu, 2009

Zuwa ga Malam Sadisu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, da Alhaji da Hajiya. Takardarka ta daɗe a rumfa kafin Illa ya gan ni ya ba ni, don ba unguwa ɗaya muke ba. Na gode da zuwa gaida Inna, Allah ya saka da alheri.

Ni lafiya lau. Na yi zazzaɓi mako guda da isowa, ya wuce. Baro nake turawa a kasuwa, ina ɗaukar wa mata doya da ayaba zuwa bakin titi. Muna kwana mu shida a shagon wani mutumin Badaguishiri. Aikin garkuwa ne dai, a ɗora maka ka ɗauka, ba abin kunya ba ne.

Na karanta abin da ka faɗa game da ranar nan. Na gode da ka faɗa. Wata takwas ina neman kuskurena a wasan, yanzu na huta da nema. Na yafe maka, duniya da lahira, kuma ba da baki kawai ba. Ka gaida Abdulwahab da Bilal, ka ce na gode da kujera, amma su bar wa mai zama. Ka gaida Maman ma, ka ba shi haƙurin dafa shi da na yi.

Abin da ka roƙa na biyu, na gwada. Na ɗauki biro na rubuta layin farko irin na da, na zauna ina kallonsa, sai na yage takardar. Ba fushi ba ne. Ya ƙi fitowa ne kawai, kuma ban so in yi maka na ƙarya. Wataƙila wata rana.

Akwai siber kusa da kasuwa, suna da Ganuwa. Ranar Lahadi nakan shiga in yi awa ɗaya. Wasu yaran Mali sun ga wasana sun ce in zama garkuwarsu, na ce a'a. Kowa da kansa nake bugawa, wanda ka ba ni labari. Ban iya shi sosai ba. In aka taso mini, maimakon in gudu sai in kafe wuri ɗaya in ɗaga garkuwa, ina jiran jinina ya dawo. Sai na faɗi nake tunawa babu kowa a baya.

Ashura ta riga ta wuce. Hular ka sa abinka, ko ka ba wanda ta yi wa daidai. Sharar bana da ta baɗi duk na yafe, kada ka ƙara wahalar da kanka.

Ka huta lafiya.

Mai girmama ka,
Rabo Salifu